Bangaskiyar Uwa Tsakanin Murhu da Goyo

Maganarmu ta yau ta iyayenmu mata ce, musamman waɗanda suke da ƙananan yara a hannu. Maza kuma kada ku tashi daga gindin rediyo, gama akwai rabonku a gaba. Wurin karatunmu shi ne 2 Timoti 1:5 da 3:14-15, za mu kuma leƙa Kubawar Shari'a sura 6.

Akwai wata damuwa da mata da yawa suke ɗauke da ita, ba kasafai kuwa suke faɗinta a gaban taro ba. Mace takan tuna lokacin da take budurwa, tana cikin ƙungiyar mawaƙa, ba ta fashin addu'ar safe, tana karanta Littafi Mai Tsarki kowace rana. Yanzu ga yara uku, na fari bai kai shekara 6 ba, ga kuma goyo a baya. Tun da asuba ta tashi, ta hura wuta, ta ɗebo ruwa, ta dama kunu, ta yi wa yara wanka, ta kama hanyar gona ko kasuwa. Ran Lahadi ta shiga majami'a, fasto yana fara wa'azi jariri ya fashe da kuka, ta fita da shi gindin mangwaro. Da dare ta durƙusa za ta yi addu'a, barci ya sace ta kafin ta kai ga amin. Sai ta fara tambayar kanta ko ta ja da baya ne, ko kuwa Allah yana fushi da ita.

'Yar'uwa, idan ke ce wannan, bari mu kai ki gidan wata mace mai suna Afiniki.

Afiniki tana zaune a Listira, wani gari a ƙasar da ake kira Turkiyya a yau. Ayyukan Manzanni 16:1 ya nuna mana ita Bayahudiya ce mai bi, mijinta kuwa Baheleni. Wato aurensu na kabila biyu ne, addinin gidan ma ba ɗaya ba ne, domin ɗansu Timoti ya girma ba a yi masa kaciya ba, sai da Bulus ya zo. Luka ya ambaci majami'ar Yahudawa a Antakiya da Ikoniya, amma bai ambaci ko ɗaya a Listira ba. Littattafai kuwa a zamanin nan da hannu ake rubuta su, suna da tsada ƙwarai, ba kowane gida ke da su ba. Duk da haka Bulus ya shaida cewa Timoti ya san Littattafai Masu Tsarki tun yana ɗan ƙarami, kalmar da ya yi amfani da ita da Helenanci ma tana nufin jariri ne. Ya kuma faɗi inda bangaskiyar ta fito: daga kakarsa Lowis ta sauko wurin uwarsa Afiniki, daga Afiniki ta kai ga yaron. Wannan yaro shi ne Bulus ya bari a Afisa domin ya lura da ikilisiya, sunansa kuma yana tare da na Bulus a farkon wasiƙu 6 na Sabon Alkawari.

Yaushe Afiniki ta sami lokacin wannan koyarwa? Amsar tana cikin Kubawar Shari'a 6:6-7, umarnin da kowace Bayahudiya ta taso da shi. Musa bai ce a gina aji ba, bai kuma sa ranar karatu ba. Ya ce maganar Allah ta fara zama a zuciyar iyaye, sa'an nan su riƙa maimaita ta wa 'ya'yansu a lokatai huɗu: zaman gida, tafiya a hanya, kwanciya, da tashi. Ki duba da kyau, mama. Waɗannan lokatai huɗu duka suna hannunki. Fasto yana ganin ɗanki awa biyu ko uku a mako, malamin makarantar Lahadi ma bai kai haka ba. Ke ce kike tare da shi a hanyar rijiya, da wurin ɓare gyaɗa, da wurin sussukar acca. Ke ce kike shimfiɗa masa tabarma, muryarki kuma ita yake fara ji da safe.

Saboda haka aikin bai bukaci ki ajiye muciya ba. Kuna tafiya gona yaro ya nuna tsuntsu, ki gaya masa wanda ya yi tsuntsun da wanda yake ciyar da shi. Hadari ya haɗu, tsawa ta ba shi tsoro, ki ba shi labarin Yesu cikin jirgi da yadda iska ta kwanta. An zuba tuwo, a yi godiya ko da kalma biyar ce, a bar ƙaramin ma ya yi tasa da bakinsa na gwaranci. Yara sun yi faɗa a kan ƙashin kifi, ga labarin Yusufu da 'yan'uwansa. Yaro ɗan shekara 3 ba ya riƙe wa'azi, amma yana riƙe labari da waƙa, yana kuma son a maimaita masa abu ɗaya sau ashirin. Kada maimaitawar ta gundure ki, ta wannan hanya ce Allah ya shirya yara su koya.

Akwai wani abu game da Listira da ya taɓa gidajenmu sosai. A Ayyukan Manzanni 14:11, sa'ad da Bulus ya warkar da gurgu, mutanen garin suka ɗaga murya da harshensu na Likoniya. Helenanci shi ne harshen kasuwa da karatu, amma da abu ya girgiza su sai harshen gida ya fito. Haka muke mu ma. Tun 1932 da aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, kabilu masu yawa a Filato, da kudancin Kaduna, da Bauchi, da Adamawa, da Borno suka sami littafi ɗaya da waƙoƙi ɗaya. Wannan babbar kyauta ce, da ita ma muke magana da ku yanzu. Amma ku lura da abin da ke faruwa a gidaje da yawa: sujada da Hausa, makaranta da Turanci, harshen gida kuwa an bar masa faɗa da aike. Idan yaro bai taɓa jin uwarsa tana magana da Allah da harshen da take rarrashinsa ba, zai ɗauka Allah baƙo ne mai zuwa ran Lahadi. Ki yi addu'a da shi da yarenku. Ki kira Allah da sunan da kakanninku suka san shi, ko Dagwi, ko Naan, ko Hyel, ko Agwaza. Idan an fassara Sabon Alkawari da harshenku ku nemi ɗaya ku ajiye a gida, idan kuwa babu, ki karanta da Hausa ki juya labarin da bakinki. A ranar Fentikos kowa da harshen haihuwarsa ya ji bishara. Inda miji da mata yarensu ya bambanta har Hausa ta zama harshen ɗaki, to babu laifi, a yi da ita.

Wata za ta ce ai yaran sun yi ƙanana, bari su yi wayo tukuna. Ku tuna da Yokabed uwar Musa. Ta ɓoye shi wata 3, ta sa shi cikin kwando a bakin kogi, Allah kuma ya juya al'amarin har 'yar Fir'auna ta ɗauke ta aikin shayar da ɗanta na cikinta, da lada. Shekarun goyo kaɗai ta samu da shi, daga nan fada ta karɓe shi, aka koya masa dukan ilimin Masarawa. Amma da ya kai shekara 40 ya san su wane ne 'yan'uwansa, ya ƙi a kira shi ɗan 'yar Fir'auna. Hannatu ma sai da ta yaye Sama'ila kafin ta kai shi Shilo, inda ya tashi kusa da Hofni da Finehas, 'ya'yan Eli marasa tsoron Allah, bai kuwa bi sawunsu ba. Kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Mu ma wata rana makarantar kwana ko birni za su karɓi 'ya'yanmu, da abin da aka zuba musu a shekarun goyo za su tafi.

Yanzu kuma sai mu faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Yaro yana koyo daga bakin uwa ko tana nufin koyarwa ko ba ta nufi. Gajiya takan sa zagi ya fito, a kira yaro ɗan banza, ko marar amfani, ko a ce ba zai zama komai ba. Yakubu sura 3 ta tsauta wa bakin da yake yabon Allah yana kuma la'antar mutum. Horo wajibi ne, amma la'ana ba horo ba ce. Idan kin wuce gona da iri, ki kira yaron ki ce ya yi haƙuri. A al'adunmu babba ba ya roƙon ƙarami gafara, mun sani. Amma yaron da ya ga uwarsa tana neman gafara ba zai sha wuyar gane tuba ba.

Haka kuma yaro yana lura da inda gida yake gudu sa'ad da ciwo ya shigo. Idan ana waƙar dogara ga Yesu ran Lahadi, ran Litinin kuwa an ɗaura masa laya da guru, ya riga ya gane wanda aka fi amincewa da shi. Ku yi addu'a, ku kuma kai yaro asibiti, gama waɗannan biyu ba sa gaba da juna. Allurar riga-kafi, da gidan sauro, da nono zalla har wata 6, da ruwan gishiri da sukari lokacin gudawa, duk tanadin Allah ne domin ran yaro. Muna kuma roƙonku da babbar murya, kada ki bari kowa, ko da ya kira kansa annabi, ya ɗora wa ɗanki sunan maita ko ƙungiyar asiri domin an yi rashi ko ciwo a gida. Yara da yawa sun sha duka da kora saboda irin wannan zargi. Ubangiji da ya rungumi yara a Markus 10:13-16 bai aiko kowa da wannan aiki ba.

Maigida, ga rabonka. Umarnin Afisawa 6:4 game da goyon yara cikin horon Ubangiji da sunan ubanni aka rubuta shi. Afiniki ta ɗauki nauyin ita da uwarta domin mijinta ba ya cikin wannan bangaskiya. Kai da aka yi wa baftisma, wace hujja ke gare ka? Ka tara iyali domin addu'ar dare ko ta minti 10 ce. Ka karɓi jariri wata Lahadi, matarka ta ji wa'azi daga farko har ƙarshe. Kuɗin da ke tafiya gidan burukutu kuma kowa ya san na sabulu da magani ne.

Ikilisiya ma tana da nata. Kukan jariri a majami'a bai kamata ya jawo harara ba. Titus 2:3-5 ya ɗora wa tsofaffin mata aikin koya wa matasa zaman gida, wannan kuwa shi ne ainihin aikin Zumuntar Mata, gaba da anko da bandiri. Tun daga rikicin Jos na 2001 har zuwa abin da ya sami Borno da Adamawa a 2014, ikilisiyoyinmu sun cika da gwauraye masu ƙananan yara. Kowace Afiniki tana bukatar Lowis, ko da ba uwarta ta jini ba ce.

Game da addu'arki ke kanki, mama, ki karanta Ishaya 40:11. Annabin ya kwatanta Ubangiji da makiyayi wanda yake ɗaukar 'yan raguna a ƙirjinsa, masu shayarwa kuma yana tafiya da su a hankali. Makiyayin kirki ba ya kora tunkiya mai jego da gudun sauran garke. Idan ba ki iya karanta sura guda ba, ki ɗauki aya ɗaya da safe ki yi ta juya ta a bakin turmi. Idan ba ki iya karatu ba, ɗanki na firamare ya karanta miki, ku biyu kun amfana ke nan. Susana Wesli ta Ingila, uwar Yohanna Wesli wanda ikilisiyar Methodist ta fito daga aikinsa, ta haifi 'ya'ya 19, da yawansu kuma suka rasu suna jarirai. Cikin dukan wannan ta raba darare na mako, kowane yaro da daren da za ta zauna da shi su yi maganar Allah. Na Yohanna daren Alhamis ne.

Kafin mu sake saduwa, ku karanta 1 Sama'ila sura 1 da 2 tare da iyalinku, ku bar yara su faɗi labarin da yarenku. A shirinmu na gaba, in Ubangiji ya yarda, za mu dubi Eli da 'ya'yansa, da abin da ya sa horonsa bai kama su ba.