Ɗakin Kwana A Bayan Mota: Hattara Da Wayar Wuta

Jama'a 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, yau zancenmu ya nufi gida, watau Azare, inda Sarkin Katagum yake zaune tun 1916. Garin yana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ga kuwa kasuwannin ƙasar Katagum kewaye da shi, irin su Gamawa da Giyade da Yana. Ɗan kasuwa mai bin waɗannan kasuwanni yakan kwana inda dare ya same shi. Saboda haka in wani daga cikinmu ya tara 'yan kuɗi a kudu, ya sa mai walda ya ƙera masa 'yar ƙaramar tirela mai ƙafa biyu da rufin kwano, wadda a-kori-kura za ta ja, a zuba kaya da rana a shimfiɗa tabarma da dare, lalle ya yi dabara. A Amurka da Turai don yawon shan iska ake ƙera irinta, mu kuwa don neman abinci.

Sai dai fa mai walda gangar jiki ya iya. Sa wuta aikin mai wayarin mota ne, kuma a nan ne araha takan jawo asara. Batirin mota bolt 12 ne kawai, ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi. Amma in jar waya ta goge ta taɓa ƙarfe, nan take sai ta yi zafi ta narke, ta kama katako da buhuna, mai kaya kuwa yana barci a ciki.

Abu na farko, a raba wutar gida biyu. Fitilun hanya, watau na birki da na sigina da jajayen fitilun baya, daga motar da ke ja suke samun wuta, ta soket mai baki 7. A tsarin Turai, rawayar waya ta siginar hagu ce, koriya ta dama, ja ta birki, fara kuwa ita ce ke mai da wuta baya. A kai wannan farar waya har jikin kowace fitila. Kada a dogara da ƙarfen mahaɗin tirela, domin tsatsa da ƙura suna hana wuta wucewa. Tirelar da ba ta da fitila a baya tarko ce ga direban da ya taso daga Potiskum cikin hazon hunturu, ban da kuma amsa tambayar jami'an hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988.

Wutar cikin ɗaki kuwa a ba ta batirinta daban. In an jona ta da batirin mota kai tsaye, da asuba sai a nemi masu turi. Wanda yake so mota ta riƙa yi wa batirin caji a kan hanya, sai a sa makunnin da ke raba batiran biyu da zarar an kashe inji.

Ga lissafi mai sauƙi. Ƙwan fitila 4 masu wat 5 sun ba da wat 20, fanka wat 30, cajin wayar hannu wat 10, jimla wat 60. A raba 60 gida 12, an sami amfiya 5. Batir irin na mota wanda aka rubuta wa 100 ba a son a ci fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. To, 50 ke nan, wadda za ta riƙe waɗannan kaya awa 10. Faifan sola mai wat 200 a kan rufi zai iya mai da abin da aka ci cikin yini ɗaya mai rana sosai, muddin an sa na'urar daidaita caji tsakaninsa da batir, ana kuma share masa ƙura.

Babban abu dai shi ne fis. A ɗaura shi a jikin jar waya, kada nisansa da batir ya wuce taƙi ɗaya, domin duk wayar da ke tsakaninsu ba ta da mai tsaro. Aikin fis shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. Waya mai kauri lamba 1.5 ta ishi fitilu, a ba ta fis mai amfiya 10. Babbar wayar batir ta zama lamba 6 da fis mai amfiya 30. In fis ya ƙone, a nemi dalili. Wanda ya cusa zaren tagulla ko takardar kwalin taba a gurbinsa ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Har wa yau, a sayi waya mai silli-silli, domin sandararriyar wayar gini takan karye da jijjigar hanya. Duk inda waya za ta ratsa hujin ƙarfe a sa mata zoben roba. Batir kuma a ɗaure shi tamau cikin akwati mai shan iska a wajen ɗaki, nesa da jarkar fetur da risho, gama yana fid da iska mai kama wuta sa'ad da yake caji.

To, kai da ke aika kuɗi gida, kada ka tsaya ga tambayar fenti da taya. Ka ce wa ƙanenka ya ɗauko maka hoton fis a gefen batir kafin ka biya cikon kuɗin aiki. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.