Rothenburg a Watan Disamba: Kasuwa Ke Jan Baƙi, Ko Garin Kansa?

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa 23 ga Disamba, ƙananan garuruwan Jamus da yankin Alsace na Faransa kan cika maƙil da baƙin da suka zo kallon kasuwar Kirsimeti. A da manyan birane ne ke da wannan suna: Dresden, wadda kasuwarta ta faro tun 1434, da Strasbourg tun 1570, da Nuremberg da ke karɓar mutum kusan miliyan biyu a cikin makonni huɗu. Yanzu hankalin matafiya ya karkata ga ƙananan garuruwa masu tsoffin gine-gine. Babu inda abin ya fito fili kamar Rothenburg ob der Tauber a jihar Bavariya, garin da mazaunansa ba su wuce dubu 11 da ɗoriya ba, amma baƙinsa a shekara sun haura miliyan.

Talauci ne ya adana Rothenburg. Gari ne mai cin gashin kansa da arziki a ƙarni na 14 da na 15, sai Yaƙin Shekara Talatin ya durƙusar da shi, musamman bayan rundunar Janar Tilly ta kama shi a 1631, annoba kuma ta biyo baya. Mutanen gari suka rasa kuɗin rushe tsohon gini su ɗora sabo, don haka ganuwa da hasumiyoyi da gidaje masu ginshiƙan katako suka tsaya yadda suke. A ƙarni na 19 masu zane suka gano shi, suka baza hotunansa. A ranar 31 ga Maris 1945 jiragen Amurka suka ƙona kusan kashi 40 cikin ɗari na tsohon garin, aka sake gina shi a kan tsohon fasalinsa da gudummawar mutane daga ƙasashe dabam-dabam, kuma sunayensu na nan a jikin ganuwa. Wato wani ɓangare na abin da baƙo ke ɗauka ginin shekaru ɗari biyar ne, bayan 1945 aka gina shi.

Sauran aikin talla ce ta yi shi. A 1950 aka ƙirƙiri hanyar yawon buɗe ido ta Romantische Straße daga Würzburg zuwa Füssen, Rothenburg kuma na bisa kanta. Kamfanin Käthe Wohlfahrt mai sayar da kayan ƙawar Kirsimeti ya koma garin a 1977, kantinsa a buɗe yake rani da damina, ya kuma ƙara da gidan tarihin Kirsimeti a 2000. Daga nan sunan garin ya manne da bikin. Sai ga wayar hannu da Instagram. Kusurwar nan da ake kira Plönlein, inda wani gida mai ruwan ɗorawa ya raba hanya biyu tsakanin hasumiyoyi biyu, ta zama hoton da kowa ke so ya ɗauka da hannunsa. Masu otal da hukumar gari su ma ba su zauna ba, domin hunturu lokacin kasawa ne a sana'arsu, kasuwar kuwa tana cike musu ɗakuna a makonnin da a da babu kowa.

Amfanin a bayyane yake. Kuɗin baƙo na daga cikin abin da ke riƙe da tsohon garin, shi ke ciyar da masu toya burodi da masu gidajen abinci da direbobi. An ga girman dogaron nan a 2020 da 2021, lokacin da cutar korona ta sa aka soke kasuwannin Kirsimeti a Bavariya shekara biyu a jere, 'yan kasuwa suka ji a jikinsu.

Inda na fi damuwa shi ne irin baƙin da wannan yayi ke kawowa. Mafi yawansu 'yan wuni ne: motar safa ta sauke su da hantsi, su bi titi ɗaya daga Plönlein zuwa dandalin kasuwa, su ɗauki hoto, su sayi tsaraba, kafin magariba sun tafi. Cunkoson da suke haddasawa ya fi abin da suke kashewa, domin ba su kama ɗaki ba, ba su ci abincin dare ba. Kasuwa kuma takan bi mai saye. Idan mai saye yana da awa biyu kacal, abin da za a shimfiɗa masa shi ne mai araha da sauƙin ɗauka. Shi ya sa a kasuwannin Turai da dama ake ganin kayan masana'anta iri ɗaya, da yawansu daga birnin Yiwu na China, a gefen sassaƙen katako na gaske daga tsaunukan Erzgebirge, wanda farashinsa ya ninka sau da yawa. Mazaunin cikin ganuwa shi ke biyan sauran kuɗin da haƙurinsa, duk Asabar da Lahadi ƙofar gidansa ta koma hanyar jama'a. Tsaro ma ya ƙara nauyi tun harin da aka kai da babbar mota a kasuwar Berlin a 2016 da wanda aka kai da mota a ta Magdeburg a 2024; shinge da masu gadi sun zama dole, ƙaramin gari kuwa ya fi babban birni jin zafin kuɗinsu.

To, ya cancanci a je? Idan don kasuwar kaɗai ce, a ganina a'a. Kasuwar Rothenburg, wadda ake kira Reiterlesmarkt, tana da asali tun ƙarni na 15, amma ƙarama ce. Rumfuna 'yan gommai ne a lungunan da ke tsakanin zauren majalisar gari da cocin St. Jakob, cikin awa guda mutum ya gama zagaya su. Mai neman yawan kaya da zaɓi, Nuremberg ta fi masa, ga ta kuma da sauƙin zuwa, alhali mai zuwa Rothenburg a jirgin ƙasa sai ya sauya jirgi a Steinach ya hau wani ƙarami. Musulmi kuma ya sani cewa abin shan da ya fi tashe a rumfunan, Glühwein, giya ce da aka ɗumama, tsiren da ake gasawa kuma galibi naman alade ne. Akwai Kinderpunsch marar giya, da gasasshen almon mai sukari, da Schneeball, soyayyen ƙullin fulawa da garin ya yi suna da shi, ko da yake mutane da yawa kan ce ganinsa ya fi cinsa.

Amsar takan sauya idan mutum ya zo domin garin, ya ɗauki kasuwar a matsayin gyara. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, a lokacin ne fitilu ke haskaka tituna, a lokacin ne kuma motocin safa ke kwashe mutanensu. Wanda ya kwana zai samu abin da 'yan wuni suka biya kuɗi ba su samu ba. Zai iya hawa ganuwa ya bi ta cikin rumfarta da sassafe, ya shiga St. Jakob ya tsaya gaban sassaƙen da Tilman Riemenschneider ya yi a farkon ƙarni na 16, ya leƙa gidan tarihin shari'a da hukunci na zamanin da. Kwana ɗayan nan shi ne kuma abin da ke barin kuɗi a hannun mutanen gari. Sharaɗin kawai ya zaɓi ranakun Litinin zuwa Alhamis, ya kuma kama ɗaki tun watanni kafin lokacin, domin masaukai a cikin ganuwa kaɗan ne, farashinsu kuma yana hawa da zarar kasuwa ta ƙarato.