Wuta Kafin Kati: Abin da Ke Kashe Kwamfutar Wasa a Gaɓar Tafkin Kainji

Kwamfutar da ake haɗawa domin wasannin bidiyo ta bambanta da ta ofis ta fuskar katin hoto, wato ɓangaren da ke lissafa haske da inuwa da motsi, sannan ya aika da su kan allo sau 60 ko fiye a daƙiƙa guda. Nauyin wannan aiki ya sa katin ya fi kowane ɓangare shan wuta da fitar da zafi, don haka idan allo ya yi baƙi ana tsakiyar wasa, ko kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta, shi ake fara ɗora wa laifi. Amma a garuruwan Jihar Kebbi irin su Shanga da Ngaski da Yelwa, sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau, wutar da ake ba shi ce ba ta da lafiya.

Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka kammala a 1968, an girka mata injuna 8 masu jimillar ƙarfin megawat 760, sai dai wutarta tana shiga babban layin ƙasa ne, kuma kamfanin rarraba wuta na Kaduna ke raba wa Jihar Kebbi nata kaso. Ƙa'idar wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, amma garin da ke ƙarshen dogon layi, ko unguwar da gidaje suka yi wa taransifoma yawa, sukan ga ƙarfin ya faɗi da magariba. Wanda ya koma ga ƙaramin janareto, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, shi ma bai tsira ba, domin wutarsa tana hawa tana sauka duk lokacin da aka ƙara masa kaya.

Tsakanin bango da katin akwai akwatin da masu gyara ke kira fawa-fak, wanda ke sauya wutar gida zuwa bolt 12 da sauran ƙananan ma'aunai. Kowane kati yana da abin da yake buƙata: GeForce GTX 1650 na kamfanin Nvidia wat 75 yake sha, RTX 3060 yana shan wat 170 kuma kamfanin ya ba da shawarar fawa-fak mai wat 550, RTX 3080 kuwa wat 320 yake ci, ana so a ba shi mai wat 750. Ramin da ake soka katin a jikin babban allon kwamfuta wat 75 kawai yake bayarwa, sauran dole ta biyo ta waya mai haƙora 6, wadda ke ɗaukar wat 75, ko mai haƙora 8, wadda ke ɗaukar 150. Tazarar da ake bari tsakanin abin da katin ke sha da ƙarfin fawa-fak tana da dalili, domin katin zamani yakan fizgi wuta fiye da ƙa'idarsa cikin ƙiftawar ido, kuma fawa-fak mai rauni yana ɗaukar wannan fizga a matsayin haɗari, sai ya yanke wuta don kare kansa. Saboda haka ne kamfanin Intel ya fitar da ma'aunin ATX 3.0 a 2022, wanda ya wajabta jure irin wannan fizga. Lambar da ke jikin fawa-fak mara suna kuwa ba abin dogaro ba ce.

Yadda matsalar ke bayyana shi ke nuna tushenta. Idan kwamfutar ta mutu ɗungurungum a daidai lokacin da wasa ya yi nauyi, zargi ya fi ƙarfi a kan wuta. Idan allo ya tsaya cak sannan wasan ya rufe amma kwamfutar tana aiki, wannan aikin Windows ne, wadda ke sake tayar da direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, idan ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, kuma maganin farko shi ne a goge direban a girka sabo. Idan ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi suka bayyana tun kafin a buɗe wasa, to ma'adanar katin ce ta fara lalacewa, abin da ake yawan gani a katunan hannu, musamman waɗanda suka cika kasuwa bayan Satumbar 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da su.

Zafi ma yana da nasa rabo. Daga Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fankoki, sai katin ya rage gudu ko ya tsaya don kada ya ƙone. Busa ƙurar bayan an cire wuta, da sabunta man da ke tsakanin katin da ƙarfen da ke sanyaya shi, aiki ne mai arha da kan raba mutum da asarar kati.

Mai gyara na ƙwarai yana bin abin daki-daki: ya auna wutar bango, ya tabbatar kowace waya ta shige har ƙarshe, ya duba zafi, ya gwada wani fawa-fak, sai daga ƙarshe ya yanke wa katin hukunci. Matashin da ya tara kuɗinsa da gumi zai haɗa kwamfuta a Shanga ya kamata ya fara ware na fawa-fak mai inganci, da stabilaiza, da inbata ko UPS mai fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta layi, sannan ya sayi katin da abin da ya rage zai iya saya, domin ƙaramin kati a kan tsayayyar wuta ya fi babba da ke mutuwa kowace magariba.