Kebul ɗin Faiba na Waje: Kowane Wuri da Irin Rigarsa

Wayar hannu ba ta da igiya, amma tafiyar da saƙonta ke yi a iska gajera ce. Da zarar bidiyo ko saƙon WhatsApp ya isa hasumiyar sadarwa ta unguwa, galibi sai ya shiga kebul ɗin faiba, ya ci gaba da tafiya a matsayin haske cikin zaren gilashi. Shi ya sa a ranar 14 ga Maris, 2024, da kebul ɗin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace a ƙarƙashin teku, intanet ya yi ta jan ƙafa a Najeriya da Gana da maƙwabtansu.

Kaurin zaren gilashin kashi ɗaya ne cikin takwas na milimita, kamar silin gashi. Zaren kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Rigar da aka lulluɓe shi da ita ce ke bambanta. Mai kafe ko mai sayar da wayfay da zai ja faiba tsakanin gine-gine biyu, idan ya sayi rigar da ba ta dace da wurin ba, kuɗinsa ne za su bi ruwa.

Kan falwaya

Kebul ɗin sama yana fama da rana da iska da nauyin kansa. Rigarsa baƙa ce saboda an gauraya robar da baƙin sinadarin kabon, wanda ke hana rana tsattsaga ta. Akwai wanda aka manna wa igiyar ƙarfe a sama, bakinsa kamar lamba 8 idan an yanke shi. Akwai kuma ADSS, wanda babu ƙarfe ko kaɗan a jikinsa. Zaren aramid, irin na rigar sulke, shi ke riƙe shi. Idan falwayar tana ɗauke da wayar wuta, ADSS ake zaɓa. Ana sayensa ne gwargwadon tazarar falwaya biyu: wanda aka yi don mita 100 zai saki idan aka miƙa shi mita 200.

Cikin ƙasa kai tsaye

Nan ne aka fi tafka asara. A ƙasa akwai gafiya da ɓera da gara, ga danshin damina, ga nauyin motoci. Kebul ɗin binnewa yana da sulken ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe a ƙarƙashin robarsa, wanda ke tare haƙorin gafiya. Zarurrukan kuma suna kwance sakwa-sakwa cikin ƙananan bututu masu ɗauke da wani mai kamar basilin, domin ruwan da ya samu kafa kada ya bi tsawon kebul ɗin. Ana binne shi wajen zurfin mita ɗaya, a shimfiɗa kyallen gargaɗi a samansa don masu tono. Dole kuma a haɗa sulken da ƙasa, in ba haka ba tsawa za ta iya bin sa har cikin na'ura.

Cikin bututu

A cikin gari an fi binne bututun roba tukuna, sannan a ja kebul ko a hura shi da iska. Bututun ne garkuwa, don haka kebul marar nauyi ya wadatar, kuma sauya shi ba ya buƙatar sabon tono. Abin kiyayewa shi ne lanƙwasa: lokacin ja, kada kwanar ta matse fiye da ninki 20 na kaurin kebul ɗin, bayan an kwantar da shi, ninki 10.

Shiga gida

Baƙar robar waje tana cin wuta, ga hayaƙi mai yawa. Da an shigo gini sai a koma ga mai tambarin LSZH, mai ƙarancin hayaƙi. Zaren G.657 kuma ya fi jure lanƙwasa a kusurwar ɗaki fiye da G.652D na dogon zango.

Kafin a biya kuɗi, a bi hanyar da ƙafa, a ga inda kebul zai hau falwaya, inda zai tsallaka kwata, da inda ake ƙona shara. Sannan a karanta rubutun da ke jikin robarsa: nau'insa da adadin zarurrukansa duk suna nan a rubuce.