Shin Ko Kun San? Cikin Fari

Shin ko kun san cewa a asibiti ana fara ƙirga ciki tun kafin ya shiga? Lissafin yana farawa ne daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, a ƙirga mako 40, wato kwana 280. Ranar haihuwar da aka rubuta a katin awo kuwa, kusan jariri ɗaya cikin 20 ne ke zuwa a cikinta. Daga mako na 37 zuwa na 42 duk lokaci ne, don haka a sassauta wa amarya da tambayar "har yanzu shiru?"

Ko kun san zuciyar ɗan tayi tana fara bugawa wajen mako na 6, lokacin da bai wuce ƙwayar wake ba? A daidai nan ne laulayi ke kankama, yawanci ya lafa bayan wata uku. Ba ya zaɓar safe ko dare, ba ya kuma duba gidan da mace ta fito: a 2012 amai ya kwantar da Kate, matar Yarima William na Ingila, a asibiti a Landan tana ɗauke da cikinta na fari. Idan ko ruwa ba ya zama a ciki, ya wuce a ce mata "ki daure".

Jinin jikin mai ciki yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, shi ya sa take haki daga ɗaki zuwa madafa. Kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, kuma ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo don haka aka tanade su.

Motsi fa? Mai cikin fari takan fara jinsa tsakanin mako na 18 da na 20, alhali wadda ta taɓa haihuwa tana iya ganewa tun mako na 16.

Ga wanda ya fi damuna. Shin ko kun san sauro ya fi bin mai ciki? Wani bincike da aka yi a Gambiya aka wallafa a 2000 ya gano cewa saurayen da ke zuwa wa mai ciki sun ninka na wadda ba ta da shi, saboda jikinta ya fi ɗumi, numfashinta ya fi yawa. A ƙasashe irin namu kuma, zazzaɓin cizon sauro ya fi yi wa mai cikin fari illa. Ƙwayoyin cutar suna maƙalewa a mabiyiya, jikinta bai taɓa koyon yaƙarsu a can ba, sai jininta ya ragu, jariri ya zo ba nauyi, ita kuwa wataƙila ko zafin jiki ba ta ji ba. Maganin rigakafin da aka fi sani da Fansidar ana fara shi daga mako na 13, aƙalla sau uku, wata guda tsakani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2016 ta ɗaga zuwa awo daga sau huɗu zuwa takwas, na farko a cikin makonni 12 na farko. To, a daidai waɗannan watanni ne yarinyarmu ke ɓoye cikin cikin hijabi, don kunyar ɗan fari ba ta bari ta faɗa wa ko mahaifiyarta. Kunya ado ce, amma ba ta auna hawan jini.

Jijjiga ma ta fi kama mai cikin fari. Tana farawa ne da hawan jini bayan mako na 20. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zafi a saman ciki: ko ɗaya aka gani, a nemi mota, kada a tsaya neman mai hayaƙi.

Ba duk murɗawar ciki ce naƙuda ba. Akwai ta gwaji, mai zuwa ba tsari, ta lafa idan an kwanta ko an canza zama. Ta gaskiya tana ƙara ƙarfi, tazararta tana raguwa, kuma ta fari ta fi daɗewa. Amma rana ba ta fitowa sau biyu a kan mai naƙuda. Doguwar naƙuda a gida ita ce babbar hanyar yoyon fitsari, kuma da yawa daga matan da ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina a haihuwar fari suka gamu da shi. Iyayen da aka kai wa 'yarsu goyon ciki, wannan naku ne.

Ko kun san cikin fari yana iya shafar na biyu? Idan rukunin jinin uwa mai alamar ragewa ne, na jariri kuma mai alamar ƙari, jikinta na iya ɗaukar jinin ɗan a matsayin baƙo, ya yaƙi cikin da zai biyo baya. Allurar da ke hana haka ana yin ta ne cikin awa 72 da haihuwa, kuma har wadda ta yi ɓari tana bukatarta.