Famwayar kyamara

Famwayar kyamara manhaja ce da kamfani ke dasawa a cikin kyamarar dijital tun daga masana'anta. Ita ce ke tafiyar da ayyukan kyamarar: auna haske, saita gilashi, sarrafa launi, da rubuta hoto a katin memori. Tana zaune ne a wata ma'adana da ba ta gogewa ko da an cire batir. Kamfanoni irin su Canon, Nikon, Sony da Fujifilm kan fitar da sabon zubinta lokaci zuwa lokaci, galibi kyauta, domin gyara matsala ko ƙara wani aiki. Ɓangaren da sabuntawa ta fi taɓawa a shekarun baya-bayan nan shi ne otofokas, wato ikon kyamara na saita gilashinta da kanta har abin da ake ɗauka ya fito garau.

Tarihi

Kafin zuwan otofokas, mai hoto ne ke murza zoben gilashi da hannunsa. A shekarar 1977 kamfanin Konica na ƙasar Japan ya fitar da C35 AF, kyamara ta farko mai saita kanta da aka ƙera da yawa domin kasuwa. A 1985 Minolta ya fitar da Maxxum 7000, wadda injin juya gilashinta ke cikin jikin kyamarar, sannan a 1987 Canon ya fito da EOS 650, inda ya mayar da injin cikin gilashin kansa. Irin waɗannan kyamarori na fim, yadda aka saye su haka suke aiki har su tsufa.

Kyamarar dijital ce ta sauya lamarin, domin ƙaramar kwamfuta ce da ake iya sake wa umarni. A watan Maris na 2010 Canon ya ƙara wa 5D Mark II ikon ɗaukar bidiyo mai firam 24 a daƙiƙa ɗaya, saurin da masu fim ke amfani da shi. A 2015 Fujifilm ya sake fasalin otofokas na X-T1 da zubi na 4.0. A 2019 Sony ya ba wa a9 ikon bin mutum yana tafiya ba tare da ya kuɓuce mata ba, Nikon kuma ya ƙara wa Z6 da Z7 ikon gane idon mutum a watan Mayu na wannan shekarar. Ita kuwa Z9, wadda ta fito a ƙarshen 2021, ta samu ikon gane tsuntsaye a keɓe a 2023.

Yadda otofokas ke aiki

Hanyoyi biyu ne aka fi amfani da su. A ta farko, kyamara na motsa gilashi gaba da baya har ta kai inda bambancin haske da duhu ya fi kaifi. Wannan hanya tana da daidaito amma tana da jinkiri. A ta biyu, kyamara na kwatanta hasken da ya shigo ta gefuna biyu na gilashi, tazarar da ke tsakaninsu kuma ita ke nuna mata ɓangaren da za ta matsa da kuma iya nisan matsawar. Wannan ta fi sauri.

A kyamarori marasa madubi, ma'aunan suna kan allon karɓar hasken kansa, saboda haka ƙwaƙwalwar kyamara tana ganin hoton gaba ɗaya kafin a danna. Daga nan lissafi ne ke yanke cewa wannan fuska ce, wannan ido ne, wancan kuma mota. Tunda lissafin a cikin famwaya yake, ana iya inganta shi ba tare da an kwance kyamara ba. Sai dai hakan yana da iyaka: tsohuwar ƙwaƙwalwa ba ta ɗaukar lissafi mai nauyi, kuma kamfani kan daina sabunta kyamarar da ta daɗe a kasuwa.

Yadda ake sabuntawa

Ana fara duba lambar zubin da ke cikin kyamara, a sauke fayil daga shafin kamfanin na intanet, a kwafa shi a katin memori, sannan a ba kyamara umarni ta karanta. Wasu sababbin kyamarori kan karɓi sabuntawa ta manhajar waya, kamar SnapBridge na Nikon. Dole ne batir ya kasance a cike, kuma ba a kashe kyamara ko a zare kati sai aikin ya kammala, domin idan ya katse a tsakiya tana iya ƙin tashi sai an kai ta wurin gyara. A mafi yawan kyamarori ba a iya komawa tsohon zubi, shi ya sa ƙwararru ba sa sabuntawa ana gobe babban aiki.

Akwai kuma manhajar da masu sa kai suka rubuta, kamar Magic Lantern da Trammell Hudson ya fara a 2009 domin kyamarorin Canon. Kamfanin ba ya ɗaukar alhakin abin da ta jawo.

A Arewacin Najeriya

Masu hoto da yawa a Kano, Gusau da Sakkwato da kyamarorin hannu suke aiki, waɗanda kan iso da tsohuwar famwaya. Ga irin waɗannan, sabuntawa hanya ce ta ƙara wa kayan aiki ƙarfi ba tare da sayen sabo ba. Cikas ɗin shi ne wutar lantarki da intanet. Wanda zai fita daga Gusau zuwa ɗaurin aure a Bungudu, Tsafe ko wani gari na karkara kamar Kekun Waje, gara ya gama sabuntawa ya gwada tun yana cikin birni.

Yanayin ƙasar ma yana gwada otofokas. Hazon hunturu na rage bambancin haske da duhu, sai gilashi ya yi ta kai da komo. Farar babbar riga a tsakar rana ba ta ba kyamara abin kamawa. Rawani mai amawali da niƙabi suna rufe rabin fuska, abin da kan rikita manhajar gane fuska. A hawan sallah, kamar Hawan Daushe na Kano, dawakai na tahowa a guje cikin ƙura da cunkoso, kuma a nan ne ikon bin abu mai motsi ya fi amfani.

Launin fata shi ma batu ne na manhaja. Wayoyin Tecno sun samu karɓuwa a Afirka da kyamarar da aka saita domin baƙar fata, Google kuma ya fito da tsarin Real Tone tare da wayar Pixel 6 a 2021.

Matsayin mai hoto

Ana muhawara kan ko ci gaban fasaha zai rage darajar sana'ar. Masu wannan fargaba suna nuni da cewa ɗan koyo a yau yana samun hoto garau wanda a da sai an shekara ana horo. Wasu kuma suna ganin aikin wuri kawai ya sauya. A taron biki mai fuskoki hamsin, kyamara kan kama idon da ya fi kusa da ita, ba ta san amarya ba, ba ta san uwar ango ba. Zaɓen wanda za a ɗauka, inda za a tsaya, da lokacin dannawa duk suna hannun mutum. Haka nan neman izini, musamman a gidajen da ake kulle, ko wurin mutanen da hare-haren 'yan bindiga suka raba da garuruwansu, waɗanda bayyana fuskarsu ke iya jefa su cikin haɗari.

Wani sabon nauyi shi ne tabbatar da gaskiyar hoto, ganin yadda tsofaffin hotuna da na ƙirƙirarriyar basira ke yawo a Facebook da WhatsApp a matsayin labarin yau. A 2023 Leica ya fitar da M11-P, wadda ke liƙa wa kowane hoto sa hannun dijital bisa ƙa'idar C2PA, Sony kuma ya ƙara irin wannan a wasu kyamarorinsa ta hanyar sabunta famwaya a 2024. Sa hannun yana nuna kyamarar da ta ɗauki hoto da gyaran da aka yi masa daga baya. Bayanin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton kuwa, mai hoto da editansa ne ke da alhakin sahihancinsa.