Fenti da Tinna: Gargaɗi ga Ɗan Ci-rani Kafin Ya Ɗauki Buroshi

Hatsi ya shiga rumbu, an tsince wake, an ɗaure harawa an ɗora bisa itace. Yanzu lokacin ci-rani ne. Daga Kanambakashe da Isawan da Cake a gundumar Mayahi, daga Korgom da Urafan da Maijirgi a gundumar Tasawa, samari suna ta ɗaure kaya. Wasu Maraɗi za su tsaya, wasu Yamai ko Agadas, wasu su ƙetara Katsina da Kano, wasu ma har Libiya. Da yawansu wurin gini za su faɗa. Kai da kake karanta wannan takarda, wataƙila kana cikinsu, ko kuwa ɗanka ne ko ƙanenka zai tafi.

A wurin gini, idan magina sun gama, an yi rufi an sa ƙofofi, aikin da ya rage shi ne fenti. Sau da yawa sabon lebura ake miƙa wa buroshi, don ana ganin aiki ne mai sauƙi, ba ɗaukar siminti ba hawan tsani da bulo. To, sauƙin nan a ido ne kawai. Nauyin siminti kana jin sa a wuya nan take, amma cutar fenti shiga take a hankali, ta hanci da baki da fata.

Fenti iri biyu za ka tarar. Akwai na ruwa, wanda ake damawa da ruwa a shafa wa bango, illarsa kaɗan ce. Akwai kuma na mai, mai ƙyalli, wanda ake shafa wa ƙofa da taga da ƙarfe. Shi ba ya narkewa da ruwa, sai an tsinka shi da tinna, wanda wasu masu kanti ke kira diliwan. Inda babu tinna, ko aka ga ta yi tsada, sai a sayo fetur na kwalba a bakin hanya, ko kananzir, a zuba. A nan ne maganarmu take.

Warin da kake ji idan an buɗe gwangwani, tururi ne ke tashi. Ba a ganin sa, amma da ka shaƙa sai ya bi huhu ya shiga jini, ya hau ƙwaƙwalwa. Alamarsa ta farko ciwon kai, sai jiri, sai tashin zuciya, mutum ya ji kamar wanda ya bugu. Ka tuna fa, wani lokaci a bisa tsani wannan jirin zai same ka. Kuma kada ka ce ai na saba, na daina jin warin. Hanci ne ya gaji, tururin yana nan. Wanda ya shekara da shekaru yana shaƙa, abin yana taɓa hanta da ƙoda, yana kawo mantuwa da saurin fushi. A cikin fetur akwai wani sinadari da ake kira benzin, wanda ke kawo sankarar jini. Tun 1989 cibiyar binciken cutar sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sana'ar fenti cikin jerin ayyukan da aka tabbatar suna jawo wannan cuta.

Maganin tururi iska ne. Kafin ka buɗe gwangwani, buɗe ƙofa da taga duka, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Ka dama fenti a waje, cikin inuwa. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40, kuma da zafi tururi ya fi tashi, saboda haka fentin mai da sassafe ko da la'asar ya fi. Wurin da ya fi kowane haɗari shi ne rufaffen wuri: cikin tankin ruwa, cikin tano, ɗakin ajiya marar taga, ko rami. Tururin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru. Mutum na iya suma a ciki ba tare da ya ko yi kira ba. Kada ka shiga irin wurin nan kai kaɗai, sai da wani a bakin ƙofa yana kallon ka. In an matsa maka, gara ka bar kuɗin yinin nan.

Rawani ko ƙyalle da ake naɗewa a hanci yana rage ƙura, amma tururi ratsa shi yake yi kamar yadda ruwa ke ratsa rariya. Hakanan takunkumin takarda. Wanda ke tare tururi shi ne na roba mai gwangwanayen gawayi a gefe, kuma su ma gwangwanayen ana sake su. Masu feshin fenti da inji, irin masu gyaran mota da babur, su suka fi kowa bukatar sa. Wanda ya ɗauke ka aiki shi ya kamata ya saya, ka tambaya tun ranar ciniki.

Akwai wata al'ada da ta bazu tsakanin masu fenti: wai idan an tashi aiki a sha madara ko nono, zai wanke cikin. Nono abinci ne mai kyau, ka sha abinka. Amma abin da ya shiga jini ta huhu, nono ba ya kai wa gare shi.

Sai wuta. Ba sai harshen wuta ya taɓa tinna ba, tururin kansa ke kamawa, kuma yana bin ƙasa ya tarar da wuta a nesa, ta biyo shi ta dawo gwangwani. Taba sigari, ashana, murhun mai shayi, tartsatsin mai walda a ɗaki na kusa, duk ɗaya ne. Ba mu manta da watan Mayu na 2019 ba, lokacin da motar ɗaukar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, mutane suka taru suna ɗiba, wuta ta tashi ta kashe fiye da mutum 50. Kwalba ɗaya a rufaffen ɗaki ta isa ta ƙone mutum. Tsummokaran da aka goge fenti da su kada a dunƙule su a kusurwa, a shanya su waje su bushe.

Yanzu ga maganar da ta fi damun mu, don ita har gida take biyo mutum: dalma. Ana zuba dalma a wasu fentin mai don launi ya fito, ya yi saurin bushewa, ya hana tsatsa. An fi samun ta a launin rawaya da ja da ruwan goro da kore, da kuma jan fentin nan da ake fara shafa wa ƙofar ƙarfe. Abin ba sabo ba ne. Tun 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar hana farar dalma a fentin cikin ɗaki, ƙasarmu Nijar ta amince da ita a 1961. Amurka ta hana fentin gida mai dalma a 1978. Yau abin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke neman ƙasashe su tsayar shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan ɗaya. Amma ido ba ya rarrabe gwangwani mai dalma da marar ita.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aikin dalma a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum an riƙa daka dutsen zinariya cikin gidaje, ashe dutsen cike yake da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Can dutse ne, nan fenti, amma hanyar ɗaya ce: ƙura. Idan ka kankare tsohon fenti da sanfefa a bushe, ko ka ƙone shi da wuta, ƙurar tana zama a rigarka da gashinka da ƙarƙashin farce. Ka dawo gida, ɗanka ya rugo ya rungume ka, ya sa hannu a baki. Jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalma ninki 4 zuwa 5 bisa na babba. Kaɗan ta isa ta dakushe masa ƙwaƙwalwa, a sa shi makaranta karatu ya ƙi shiga, a yi ta dukan sa ana cewa daƙiƙi ne. In ta yi yawa sai amai da suma da farfaɗiya. Mace mai ciki kuwa, dalmar jikinta tana ratsawa ta kai ga ɗan tayi. Ga babba tana kawo murɗar ciki da taurin bayan gida da kasala da hawan jini.

Saboda haka, in za ka kankare tsohon fenti, ka jiƙa shi da ruwa tukuna. Ka ware tufafin aiki, ka tuɓe su can, a wanke su daban da na iyali. Kada ka ci goro ko ka sha fura sai ka wanke hannu da sabulu. Kada ka wanke hannu da fetur ko tinna, suna cinye maiƙon fata ta tsattsage, sannan su shiga ta nan. Ka shafa man gyaɗa, ka murza, fentin zai saki, sa'an nan ka bi da sabulu.

Ga inda karatunka na yaƙi da jahilci zai yi maka rana. Juya gwangwani ka duba. Hoton harshen wuta cikin jan zane, abin yana kamawa. Hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, guba ce. Hoton ƙirjin mutum da tauraro a tsakiya, yana cutar da kayan ciki. In ka ga an rubuta "sans plomb" da Faransanci, ma'anarsa babu dalma. Ka karanta wa abokan aikinka da ba su shiga aji ba.

Mun san gwangwanin fenti abin so ne a ƙauye. Ana ɗibar ruwa da shi, ana zuba hatsi, ana shayar da tumaki. A daina. Shanu da maruƙa suna son lasar fenti, kuma dalma na makantar da su ta kashe su. Mafi muni shi ne zuba ragowar tinna ko kananzir a gorar lemo ko ta ruwan sha a ajiye ƙarƙashin gado. Yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya. In hakan ta faru, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko nono don ya yi amai, domin wajen aman ne abin ke faɗawa huhu. A ɗauke shi a kai likita mafi kusa, ko asibitin gunduma a Tasawa ko Mayahi, a tafi da gorar don malaman asibiti su ga abin da ya sha. In fenti ko farar ƙasa ta fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15, kada a murza. Wanda jiri ya kayar, a fito da shi iska, a kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi komai ta baki sai ya farfaɗo sarai, sa'an nan a kai shi a duba shi.